Ɗingishin da Ya Ci Burodi

Zafin bana ba na wasa ba ne. Tun kafin rana ta ɗaga kwanon rufi yake fara ƙara, famfon gidanmu a Moshi Zongo, nan Tamale, kuwa ya yi makonni yana tari bai tofar da ko ɗigo ba, sai dai mu jera jarkoki a bakin hanya muna jiran motar ruwa. Da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi har mutum ya kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi a bar mu da gumi. A cikin wannan hali jikata Rahina ta tasa ni gaba, wai sai na je Awa-De ɗin makarantarsu a Vittin. Awa-De ita ce ranar ƙarshe kafin hutu, ranar da yara suke ajiye kayan makaranta su ci ado, kowa ya zo da kwanon shinkafarsa da lemonsa, a ci a sha a yi wasa.

Ban tafi ni kaɗai ba. Azara ta taso daga Dungu ta biyo mini, muka shiga yelo-yelo ɗaya, keken hayar nan mai ƙafa uku, muna ta mitar rana. Azara ƙawata ce tun muna yawo ba ɗankwali. Makarantar kuwa ta Akos ce, ita ta gina abarta bayan ta bar aikin koyarwa. Akos ma ƙawata ce. Haka ake faɗa, kuma ban taɓa musawa a gaban mutane ba.

An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, wani saurayi mai lasifika yana ta kiran yara gaba rukuni-rukuni, masu jan ƙyalle da masu kore. Na ga an yi tseren ƙwai a cokali, ƙwai na gaske, yana faɗuwa yana fashewa ana tafi. Na ga an yi cika kwalba da ruwa, ana ta kelaya da shi a ƙasa. Na dai gyara mayafi. Amma da aka fito da ƙyallaye aka fara ɗaure ƙafafun yara biyu-biyu, sai na ji tabon da ke idon sawuna na hagu ya fara ƙaiƙayi, hankalina ya bar Vittin gaba ɗaya.

Ina aji huɗu shekarar da damina ta yi mana ƙarya. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Ɗan abin da ya tsira wutar daji ta bi ta lashe. Gonar Baba tana hanyar Dungu, lokacin duk wurin daji ne, kuma abin da ya girbe a bayan kekensa ya kawo shi gida bai ko koma ba. Kafin bazara ta kankama rumbun kowa ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen yara sun bi su sun gasa.

Na tuna yadda yini yake tafiya. Da an idar da asuba sai hanyar dam, don famfo ya mutu tun tuni. In mun dawo Mma, mahaifiyata, ta dama koko, tsararo, ba sukari ba ƙosai, wanda in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Sai makaranta. Da rana ba a ɗora tukunya a gidan kowa, mu dai mu bi gindin ɗorawa muna jifa, mu ɓare mu lashi garin har bakinmu ya yi ruwan ɗorawa, mu kora da ruwa. Ɗanyen mangwaro ma bai tsira ba, tun yana kamar ƙwallon goro muke cinye shi da gishiri. Sai bayan magariba ake tuƙa tuwo, na jar masarar nan da aka kawo daga waje, mai warin buhu, ko kuma kokonte, tuwon garin rogo, baƙi ƙirin, da miyar kuka wadda ba ta ga ko kan kifi ba. Mma ce take rabawa da mara, tana yi tana cewa ita ta riga ta ci a madafi. Mun san ba ta ci ba, amma ba wanda ya taɓa tsayar da hannunsa.

A kan wannan kuma sai kurkunu ya fito mini. Ruwan dam ne yake kawo shi, amma a lokacin wa ya sani. Ƙafa ta kumbura, ta yi ƙuna kamar an ɗora garwashi, sannan farin zaren nan ya leƙo daga idon sawu. Kullum da safe Mma ta zaunar da ni a kan turmi, ta shafa man kaɗe, ta naɗe shi a tsinken ashana kaɗan-kaɗan tana cewa, "Kar ki motsa, Memuna, in ya tsinke kin shiga uku." Ta ɗaure da tsumma. Ciwo bai hana aike ba, sai dai na koma ɗingishi: in jefa ta dama da nisa, in ja ta hagu gajere, kafaɗa ta ɗan nutse.

Gidan su Azara yana jikin namu. Babanta mahauci ne, a shekarar kuwa wuƙarsa ta fi ganin dutsen wasawa a kan nama. Garwa ɗaya muke da ita tsakanin gidajen biyu, ba kuma wadda za ta iya ɗaukarta a ka a cike, saboda haka sai mu zura sanda a igiyar bakinta, in kama gefe ta kama gefe, mu jero kafaɗa da kafaɗa, garwa tana lilo a tsakaninmu. Sawun farko na gidanmu, na biyu nasu. Wanda bai taɓa ɗaukar ruwa haka ba ba zai gane ba: in ƙafafunku ba su faɗi tare ba, ruwan a hanya zai ƙare, a gida kuma a sha faɗa. Da na fara ɗingishi mun yi ta ɓari, zannuwanmu sharkaf, garwa rabi. Sannu a hankali ɓarin ya daina. Ban tambayi dalili ba. Na dai san in na jefa ƙafa tana jefawa, in na nutse tana nutsewa, har mukan iso gida ruwa yana taɓa baki. A wannan hanyar ba ni da kowa sai ita, ba ta da kowa sai ni, kuma duk yunwar da ake yi wannan ya ishe ni.

Sai Akos ta zo. An canjo babanta daga Kumasi zuwa wani ofishin gwamnati, suka sauka a gidajen ma'aikata. Ranar farko ta shigo aji da takalmi mai maɗauri, ruwan ƙasa, yana sheƙi, mu kuwa ƙafafunmu duk faso. Malamarmu, Madam Gires, ita ma mutuniyar kudu ce, ta duba ta ga akwai wuri a bencin Azara ta zaunar da ita nan. Ni ina baya saboda in miƙe ƙafa.

Da aka fita tara na ga abin da ya tsaya mini a wuya. Akos ta buɗe wata takarda, ga yankan burodi a ciki. Mun yi watanni ba mu ga burodi ba. Ta gutsuri kusurwa ta miƙa wa Azara, ta ce, "Kai, karɓa paanu." Hausarta ta kasuwa ce, ba ta san mace ba, kowa "kai" ne. Azara ta karɓa, ta raba biyu, ta kawo mini rabi. Na ci, ban ƙi ba. Amma na lura da yadda ta yi wa yarinyar murmushi, irin wanda nake zaton nawa ne ni kaɗai. Tun daga ranar na tsani takalmin nan, na tsani ribbon ɗin da ke kanta, na tsani yadda take cewa "Ei!" in an ba ta mamaki. Daga baya na ji cewa su ma sau ɗaya suke ɗora tukunya, yankan nan kuma shi ne abincinta har dare. A lokacin da an gaya mini ba zan yarda ba, don ba na son in yarda.

Da hutu ya matso kowa ya fara tunanin Awa-De da faɗuwar gaba. A shekarun lafiya ko gidan da ba shi da komai sai ya yi ƙoƙari ya dafa shinkafa da ƙwai, a ɗaure kwano a sabon ƙyalle, a kuma zuba na Madam daban. Bana wa zai zo da me? Hedimasta ya tara mu a gindin dalbejiya ya ce ba wanda zai zo da kwano, duk wanda ya zo da shi ma za a mai da shi gida. Sai Madam Gires ta fito ta ce ba za a fasa Awa-De ba, wasanni za a yi a gaba irin waɗanda suke yi wa yara a cocinsu, a raba mu gida biyu, Ja da Kore, sauran yara da iyaye su zauna su yi kallo. Gidan da ya ci, burodi guda cur nasu ne. Burodin ma daga gidan su Akos zai fito, babanta ya yi alkawari.

Wasan ƙarshe, wanda ya fi kowanne maki, shi ne ƙafa-uku: a ɗaure ƙafar mutum biyu wuri ɗaya su yi tsere. Da jin haka na ce a raina, an gama. Wa ya kai ni da Azara iya jera ƙafa a duk Tamale? Na ɗaga hannu tun kafin a tambaya.

Madam ta dubi tsumman da ke ƙafata ta girgiza kai. "Memuna, kai da wannan ƙafa? Daabi. Ka zauna. Ranar kai ne za ka riƙe takalma." Ta kama Azara ta jera ta da Akos, ta dafa kawunansu. "Yoo. Tsawo ɗaya. Ku biyu, gidan Ja."

Na dubi Azara ina jiran ta ce ita ba ta yi sai da ni. Ba ta ce ba. Ta dai sunkuyar da kai tana murza gefen riga, ita ma burodin take hange, kuma wa zai ga laifinta. Ni na gani. Ranar har muka je dam muka dawo ban ce mata uffan ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne gwaji. Kullum bayan an tashi sai Madam ta ɗaure su da tsohon ɗankwali a bayan aji, ni kuma in zauna a kan dakali in sha kallo. Ba sa yin taku kaɗan sai su kife. Su tashi, su kife. Gwiwar Akos ta kwailaye, ta yi ta hawaye, ni kuwa daɗi har kunne. Madam ta yi ta tafa hannu tana ƙirga musu, a banza. Can ta ce, "Azara, mene ya sami ƙafa naka? Kai ma kurkunu?"

"Babu, Madam."

"To don me kana ja shi?"

"Ban ja shi ba, Madam."

Aka kwance ta, ta yi tafiya garau, ta yi gudu garau. Aka sake ɗaure ta, sai ga shi: ta jefa ta waje da nisa, ta ja ta ciki gajere, kafaɗa ta nutse. Da zarar ta ji mutum a gefen damanta, jikinta sai ya ɗauka garwa ce. Ita kanta ba ta san tana yi ba. Ni na gane tun a kallon farko, na kuma ja bakina na yi gum, ina addu'a kada kowa ya gano.

Akos ce ta gano, don yarinyar ba ta da wauta, wannan kam ko ina jin haushinta sai na faɗa. Wata asuba mun fito da garwa sai ga ta tsaye a ƙofar gidanmu, ba takalmi, ta ɗaura zanen mamarta har ƙirji. Ta durƙusa ta gaida Mma, har da "Dasiba" irin ta Dagomba, Mma ta amsa da "Naa" tana dariya.

"Ni ma zan je dam," in ji ta.

Na ce, "Ba a zuwa mutum uku."

Mma ta ce, "Wa ya kafa wannan doka? Ku tafi, rana tana yi."

Da tafiya ta bi mu a baya tana kallon ƙafafunmu. Da muka cika garwa muka zura sanda, na miƙa hannu zan kama gefena, sai Azara ta ce, "Memuna, yau ki huta. Bari ita ta kama. Ke ki wuce gaba mu ga yadda kike yi."

Na tsaya ina kallonta. Gefena. Sandar da tafin hannuna ya goge har ta yi santsi. Na so in ce wani abu mai zafi, amma sai na janye hannuna. Na wuce gaba hannu rabbana, ina ɗingishi, ina jin su a bayana suna ƙus-ƙus, "Dogo, gajere. Dogo, gajere," ruwa yana fantsama, suna ƙyalƙyala dariya. Na yi ƙoƙarin in miƙe ƙafar in yi tafiya daidai don in ɓata musu lissafi, zafi ya harbe ni har ƙugu, dole na koma yadda nake. Ban taɓa jin kishi irin na wannan safiya ba, ko bayan na girma na ga abubuwa. Da muka isa gida garwa rabi ce, amma maimakon faɗa sai Mma ta dafa kan Akos ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, kin hutar mini da ƙafar yarinya." Har da zuba mata koko a kwanona.

Haka aka yi ta yi kullum har ranar ta zo. Ɓari ya ragu, ya ragu, ya daina. Ranar da suka shigo gida ruwa yana taɓa baki na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Ranar Awa-De gari ya wayi da wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Aka fito da bencina gindin dalbejiya, iyaye mata suka zo da mafitai, ƙananan yara suka zauna a ƙasa. Aka ɗora burodin a kan teburin hedimasta, an rufe shi da farin ƙyalle, amma ƙamshinsa ya gama filin, ba idon da ba ya kansa. Ni aka ba ni kujera a gefe, aka tara mini silifa tsinkakku a gabana. Akos ta zo ta kwance nata mai maɗauri ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Ka riƙe shi da kyau, wai." "Wai" ɗin nan tasu ce ta kudu, kamar a ce "kin ji". Na ɗauke kai.

Aka fara da tseren buhu, a cikin buhunan jar masarar da muka cinye. Maza suka yi ta tsalle kamar kwaɗi, ƙura tana tashi. Aka yi na cokali, da lemon tsami a madadin ƙwai, kuma wani yaro ɗan gidan Kore da nasa ya faɗi sai ya tsaya ya ɗauka ya kai baki, bai ko ɓare ba. Cika kwalba da yashi aka yi shi, da ludayi, don da Madam ta ce a kawo bokitin ruwa wata tsohuwa ta miƙe ta ce in aka zubar da ruwa a ƙasa a wannan shekara ita za ta tafi gida. Jan igiya bai yi nisa ba, ɓangarorin biyu suka zube a ƙasa suna haki, ba mai ƙarfin ja, aka ce an yi canjaras. Mutane suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Ni kaɗai na sha kunu, da takalmin wata a cinyata.

Aka zo ƙafa-uku, Kore suna gaba da kaɗan. Aka jera su, Madam ta hura usur. Na farko suka kife tun a taku na biyu. Wasu suka yi ta fizgar juna, ɗaya yana gaba ɗaya yana baya. Su kuwa nawa, Azara da Akos, suka taho a tsakiyar fili kafaɗa da kafaɗa, hannu a ƙugun juna, su jefa ta waje da nisa, su ja ta ciki gajere, su nutse tare, su taso tare. Ba gudu suke ba sosai, amma ko sau ɗaya ba su yi tuntuɓe ba.

Wani yaro ne ya fara ganewa. Ya miƙe ya nuna su da yatsa ya ce, "Kai! Tafiyan Memuna ne!" Sai filin ya ɗauka. "Memuna! Memuna! Memuna!" Ana tafi, ana dariya, ana waiwayena. Mata suna riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya ce, amma ba ita kaɗai ba. Tafiyata ce, ciwona ne, ni na kwana da shi ina juyi, ni Mma take naɗe wa tsinken ashana, ga shi an fita da shi gaban taro an bar ni da gadin takalma. Sunana ake kira, amma ƙugun da Azara ta riƙe ba nawa ba ne.

Suka ci. Gidan Ja suka yi ta tsalle. Hedimasta ya sa wuƙa ya yanka burodin ƙanana-ƙanana, kowa ya sami kamar babban yatsa, har 'yan Kore Madam ta sa aka ba su ɓawon. Ni ba na cikin kowane gida, mai gadin takalma ba ta da launi. Ina zaune sai ga su sun taho, ko ɗankwalin ba su kwance ba, har yanzu suna ɗingishi. Azara ta miƙo nata. Akos ta miƙo nata ta ce, "Ƙafa naka ne ya ci. Karɓa."

Na so in ce ba na so. Na shirya maganar tsaf a bakina. Amma hannuna bai jira ni ba. Na karɓe duka biyun na cinye, ina hawaye ina taunawa, suna tsaye suna haɗiyar yawu. Burodin da ya fi kowanne daɗi a rayuwata ke nan, kuma bai rage mini kishin ko ƙwayar gero ba.

Da yammacin ranar hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Iska ta kwashe rufin wani shago, sannan ruwa ya ɓarke, ƙamshin ƙasa ya tashi. Muka fito da duk wani abu mai baki, tukwane, kwanoni, har turmi. Bayan kwanaki Baba ya ɗauko irin da ya ɓoye a cikin toka tun bara, muka bi shi gona muna jefawa muna rufewa da diddige. Yunwa ba ta tafi nan take ba, sai da aka sha ganyen wake da rama har sabuwar masara ta nuna. Kurkununa ya gama fita, ƙafa ta warke, na koma tafiya garau. Azara kuwa ta daɗe tana nutsewa in an jera da ita, har mamarta ta kai ta wurin mai magani ya duba ko iska ce.

Abu ɗaya dai bai koma yadda yake ba. Daga wannan shekara mun zama mu uku. Akos ta ci tuwon sallarmu, mun ci shinkafar Kirsimetinta. Ta yi mini ɗawainiya ranar aurena, ta kwana a asibiti da ni lokacin haihuwar uwar Rahina. Mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta, kuma wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi. Shekara arba'in da wani abu, in na ga su biyu sun haɗa kai suna dariya, sai in ji ni a gaba hannu rabbana, su suna baya da sandata.

Muryar mai lasifika ce ta dawo da ni Vittin. Yara sun gama, an raba musu alewa da biskit har wasu suna zubarwa. Sai na ji yana cewa, "Yanzu kuma kakanni! Ei, kakanni, ku fito mu gani ko akwai sauran ƙarfi! Ƙafa-uku, biyu-biyu!" Yara suka ɗau ihu. Wasu tsofaffi suka fara miƙewa ana musu tafi.

Na hango Akos ta taso daga teburin manya, da leshinta da gilashinta, tana tafe tana murmushi, idonta a kan Azara. Gabana ya faɗi, wallahi kamar yarinya 'yar aji huɗu. Na fara tattara jakata a cinya, na gyara zama, don na san aikina.

"Azara," in ji Akos, "tashi mu nuna musu yadda aka yi shi da."

Azara ta juyo gare ni. Ta zare ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi, ta dafa kujera, ta sunkuya da ƙyar tana nishi saboda baya, ta kama ƙafata ta hagu, daidai kan tabon, ta haɗa da tata ta ɗaure tam.

Na ce, "Ke, gwiwata fa. Ko masallaci da ƙyar nake zuwa."

Ta ce, "Na sani. Wancan karon aron ɗingishin muka yi. Yau da mai shi zan fita." Ta tuɓe silifanta, ta zare nawa, ta haɗa ta miƙa wa Akos. "Madam, riƙe mana takalma."

Akos ta buɗe baki, ta dubi takalman, ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har tana share ido. "Ei, Memuna! Har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu."

Muka fita tsakiyar fili, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Aka hura usur. Na jefa ta dama, na ja ta hagu, na nutse, na ji ta nutse tare da ni. Rahina tana tsalle tana ihu, "Kaka! Kaka!" Duk sauran tsofaffin suka wuce mu, har da wata mai sanda. Mu ne na ƙarshe, da nisa ma, amma da garwa ce a tsakaninmu ko ɗigo ba zai zuba ba.

Da muka isa igiyar ina haki, ban nemi ruwa ba, ban nemi kujera ba. Waiwayawa na fara yi. Ga Akos can a gefe, mai makaranta guda, zaune a kujerar roba da tsofaffin silifana a kan leshinta, tana tafa mana. Na ɗaga mata hannu na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ki riƙe su da kyau, wai!"